Kwano Biyu a Rumfa Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina awo da kwano biyu, ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa. In ka ajiye su gefe da gefe ba za ka ga bambanci ba sai in kai ɗan kasuwa ne, don launinsu ɗaya, bakinsu ɗaya. Amma na sayen an buɗa masa ciki da guduma, na sayarwar kuma an doki gindinsa ya ɗan shige sama. A duk waɗannan shekarun ban taɓa fashin sujadar Lahadi ba sai da ciwo. Shida daga cikinsu ni ne ma'ajin ikilisiyarmu, daga baya ma aka zaɓe ni dattijo.

Mu asalinmu Maguzawa ne daga kudancin Katsina, wajen Malumfashi. Kakana yana da wurin tsafinsa a gindin wata tsamiya, kuma ba ya zuba iri a ƙasa sai ya yanka wa iskoki zakara. Mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu, a shekarun 1970, lokacin da 'yan Sabon Rai don Kowa suke bin ƙauyuka da wa'azi da waƙa. Ya ƙone layunsa a tsakar gida kowa yana gani. Saboda haka aka hana shi gonar gado har na wasu shekaru, bai kuwa ja da baya ba. Sai da ya girma ya koyi karatu, kuma duk abin da ya iya karantawa a duniya shi ne Littafi Mai Tsarki, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda ake kiran Karin Magana da sunan Misalai a cikinta.

Abin da na fi tunawa da shi game da mahaifina shi ne watan Agusta. Lokacin ne marka take yin ƙarfi, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Mutane sukan zo da sassafe neman rancen dawa. Yakan hau rumbu da kansa, ya cika kwano, ya girgiza, ya ƙara, ya tula har yana zuba, sa'an nan ya ɗebo wani da hannu ya ɗora a kai. Mahaifiyata takan yi ƙorafi cewa mu ma muna da bakunan ci. Amsarsa kullum ɗaya ce: Yesu ya ce da mudun da ka auna wa wani, da shi za a auna maka. Ina ganin wannan tun ina ɗan shekara bakwai, don haka ba zan iya cewa ban sani ba.

An yi mini baftisma a rafi a 1995. A lokacin, in ka tambaye ni mene ne zunubi, zan lissafa maka uku: tsafi, burukutu, da bin matan banza. Su ne aka fi yi mana wa'azi a kansu, da dalili kuwa, don su ne suka fi cin gidajenmu. Ni ban taɓa ko ɗaya ba. Sai na ɗauka yaƙin ya ƙare tun ranar da na fito daga ruwa, abin da ya rage shi ne in riƙa zuwa majami'a in jira ranar tafiya sama.

A 2003 na shiga harkar hatsi a ƙarƙashin wani ubangida. Mukan bi kasuwannin ƙauye da kaka mu sayi masara da dawa da wake tiya-tiya daga hannun manoma da mata, mu haɗa buhu, mu kai manyan kasuwanni irin su Dandume da Funtuwa, wani lokaci har Dawanau a Kano. Buhu tiya arba'in ne, kowa ya san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda tiya talatin da bakwai ta manomi take zama arba'in a hannun mai awo. Akwai kwano, akwai kuma hannu. Idan kana saye sai ka kewaye bakin kwanon da hannunka na hagu kamar kana tare hatsin kada ya zube, alhali katanga ka yi masa. Idan kana sayarwa sai ka zuba a hankali, kada ka girgiza, ka share kan da sauri. Akwai sa mai kyau a bakin buhu da ɓoye tsohon a ƙasa. Akwai barin dusa da tsakuwa. Akwai zuba wa wake maganin ƙwarin da ba a yi shi don abinci ba, don kada ya huje kafin ya yi tsada.

Ranar da na fara cin gashin kaina a 2005, na kai kwanuka biyu wurin maƙeri. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Na tuna ƙarar gudumar har yau. Zuciyata ta buga a daren nan, na kasa cin tuwo. Bayan mako guda ta daina bugawa. Na gaya wa kaina cewa haka kasuwa take, kowa haka yake yi, manomin ma ai yakan jiƙa masararsa ta yi nauyi, kuma kuɗin mota da na dako da na dillali daga ina za su fito? Duk waɗannan maganganu akwai ɗan gaskiya a cikinsu, shi ya sa suka yi mini daɗin riƙewa.

Kasuwa ta karɓe ni. Na gina gida, na sayi babur, na sa yara a makarantar kuɗi. Duk shekara a sujadar godiyar kaka ni ne mai kawo buhun masara biyu, matasa su ɗauko a ka ana guɗa, ni ina biye ina murmushi. Ina fitar da ushirina daidai, ko naira ba na ragewa. Yanzu na gane cewa da baikon nake toshe bakin lamirina, amma a lokacin gani nake Allah ne yake sa mini albarka. Ina karanta Littafi Mai Tsarki kowace safiya da iyalina. Sai dai na iya zaɓe. Zabura ta 23 da ta 91 na haddace su. In karatu ya kawo mu Maimaitawar Shari'a sura 25, inda aka ce kada ka riƙe ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami, kada kuma ka ajiye mudu iri biyu a gidanka, sai in wuce da sauri in ce wa zuciyata wannan dokar Isra'ilawa ce, mu muna ƙarƙashin alheri.

A 2016, shekarar da tattalin arziki ya karye abinci ya yi tashin gwauron zabo, wata mata daga ikilisiyarmu ta kawo mini wake. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan, tana da yara huɗu, tana cikin masu buga tulu a Zumuntar Mata. Ɗanta na biyu yana kwance a asibiti ana neman kuɗin ƙarin jini. Ta wuce rumfuna huɗu ta zo tawa, don ni dattijonta ne. Na gan ta, na gane ta, na san halin da take ciki tun da ni na yi sanarwar rashin lafiyar yaron ranar Lahadi. Hannuna ya tafi ga babban kwano da kansa. Na auna, ya tashi tiya tara da ɗan kaɗan.

Ta tsaya tana duban tabarmar. Ta ce, “Baba dattijo, ni dai goma na auna a gida.” Kafin in buɗe baki sai ta ƙara da cewa, “Amma tunda kai ne, ni ce na yi kuskure. Hankalina ba ya jikina kwanakin nan.” Ta karɓi kuɗin tiya tara, ta durƙusa ta yi godiya, ta ce Ubangiji ya saka mini.

Maƙwabcin rumfata wani Alhaji ne dattijo mai sayar da gero, mun fi shekara takwas muna zaune tare. Yana kallon duk abin da ya faru. Bai ce komai ba sai da kasuwa ta fara watsewa, ya dawo daga sallar la'asar, ya zauna a kan buhuna. Ya ce, “Malam, mu a Alƙur'ani akwai sura guda da ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Ba na ce duk muna kiyayewa ba ne. Amma ni na ɗauka ku ma Annabi Isa ya hana ku. Matar nan ba tare kuke ibada ba?” Na ce, “Alhaji, kasuwa ce.” Ya ce, “To, Allah ya kyauta,” ya tashi.

Lahadin da ta biyo akwai Jibin Ubangiji, kuma ni ne aka ba layin mata. Na zo kanta da faranti. Ta ɗago hannu biyu, idonta a rufe, leɓunanta suna motsi. Hannun da ya tauye mata wake ranar Alhamis shi ne yake miƙa mata jikin Almasihu. Farantin ya yi ta rawa har wadda ke kusa da ita ta ɗago ta dube ni. Na gama rabon, na koma kujerata, na karɓi nawa na ci, ko da yake na san abin da Bulus ya rubuta wa Korantiyawa a kan mai ci ba tare da ya auna kansa ba. Tsoron idon mutane ya fi mini tsoron wannan.

Ina so in faɗi gaskiya a nan, domin shaidu da yawa da nake ji sukan nuna kamar mutum yana jin tsawatarwar Ruhu sai ya tuba nan take. Ni wata uku na yi ina kokawa. Ranar Litinin na bar ƙaramin kwano da babba a gida, na ari na gaskiya. Da yamma na yi lissafi na ga ribar ba ta kai rabin ta da ba. Ranar Alhamis na mayar da su cikin buhu. Na yi alkawari zan daina bayan kaka. Na yi alkawari zan riƙa amfani da su ga baƙi kawai, ban da 'yan ikilisiya, kamar Allah bai san baƙo ba. Na ƙara baiko. Na yi azumin kwana uku ina roƙon salama, ban samu ba, don salamar nake so ba tare da na saki kwanon ba. Addu'a ta zama mini kamar tauna ƙasa. In na durƙusa sai in ji muryar matar nan: tunda kai ne.

Wata safiya 'yata ta fari, tana aji uku na sakandare a lokacin, ita ce da karatu. Jadawalin ya kai mu Amos sura 8. Ta karanta da muryarta ta yarinya yadda 'yan kasuwar Isra'ila suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe hatsi, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su yi algus da ma'auni, su sayar har da sharar alkama, su sayi matalauci a bakin kuɗin takalmi. Ta kai inda Ubangiji ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukansu ba. Na ce a yi addu'a, na kasa. Bayan yara sun tafi makaranta matata ta rufe ƙofa ta ce, “Baban yara, ni nake wanke kwanukan nan. Na daɗe da sani. Na yi shiru don ina cin tuwon, wannan laifina ne. Amma ba na so 'ya'yana su girma da shi.” A gabanta na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina.

Da yamma na je gidan fasto da kwanukan a cikin leda. Na ajiye masa su a kan tebur, na gaya masa komai. Ya daɗe bai yi magana ba. Ya buɗe Romawa sura 7 ya karanta mini inda Bulus yake cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Sa'an nan ya ce, “Dattijo, gafara kam akwai, Yahaya ya ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta. Amma ka tuna Zakka. Bai tsaya a kan kuka ba, ya ce zai mayar.” Na ce, “Baba Fasto, mutanen shekara goma sha ɗaya, ina zan gan su?” Ya ce in fara da waɗanda na sani.

Majalisar dattawa ta sa ni a horo wata shida. Na sauka daga dattijo, na koma bencin baya, ba na cin Jibi. An sanar a gaban jama'a, ni na roƙa a faɗi dalilin a fili don kada a yi zargin wani abu dabam. Kunyar ta yi nauyi ƙwarai. Wasu da nake ba rance suka daina gaishe ni. Amma abin da ya fi wuya shi ne zuwa gidan matar nan. Na tafi da matata, da buhun wake guda a bayan babur. Na durƙusa a tsakar gidanta na ce, “Mama, goma kika auna, goma ne. Ni na cuce ki.” Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Sai ta ce tun ranar ta sani, don ta sake gwada kwanonta da na maƙwabta, amma ta kasa gaya wa kowa domin wa zai yarda da ita a kan dattijo. Ta ce wata biyu ba ta iya yin addu'a in ta gan ni a gaba. Wannan ya soke ni fiye da kome, don ashe ba wake kaɗai na ɗauke mata ba. Ta yafe mini. Yaron ya warke, yanzu yana koyon walda.

Na sayar da babur da wani fili. Na bi ƙauyuka biyar da na fi saye a cikinsu, na nemi waɗanda na tuna, na mayar musu gwargwadon lissafina. Wasu sun yi dariya, wasu sun zage ni, wani tsoho ya ƙi karɓa ya ce in kai wa marayu. Waɗanda suka mutu ko suka ƙaura ba ni da yadda zan yi da su, kuma wannan nauyin yana nan. Yara biyu suka koma makarantar gwamnati. A kasuwa kuma abokan sana'a suka juya mini baya, domin da na fara cewa mai kaya ya auna da hannunsa, sai manoma suka fara tambayar sauran me ya sa su ba sa yin haka. Akwai daren da na yi wa Allah gunaguni sosai. Na ce lokacin da nake cuta ina da babur, yanzu da na bi maganarka ina tafiya a ƙasa. Zabura ta 73 ce ta riƙe ni a wannan lokacin, don Asaf ma ya ga arzikin mugaye ƙafarsa ta kusa zamewa.

Na ɗauka da na rabu da kwanukan shi ke nan. Kuskuren da na yi a 1995 shi na sake yi. Kwanon ya tafi, amma mutumin da ya kai shi wurin maƙeri yana nan a cikina, sai dai ya canja hanya. Na fara lura da bakina. Karin Magana 20:14 ta zana ni sarai: mai saye yana cewa ba kyau, ba kyau, in ya tafi sai ya yi fahariya. Sau nawa nake tauna ƙwayar masara mai kyau in yamutsa fuska in ce ba ta bushe ba? Sau nawa nake cewa ko uwar kuɗi ban mayar ba alhali na ci riba? Ba wanda zai sa ka a horo don wannan. Kullum sai na yi shi sau ashirin kafin azahar, ban ma san na yi ba.

Sai kuma girman kai ya shigo ta ƙofar baya. Na fara duban sauran masu awo ina jin na fi su. Ina ba da shaidata a taron maza ina jin daɗin yadda ake girgiza kai. Matata ce ta sake tare ni, ta ce na fara zama kamar Bafarisiyen nan da ya gode wa Allah don bai zama kamar mai karɓar haraji ba. Na ji haushinta kwana biyu, don gaskiya ta faɗa.

Faɗuwata mafi muni bayan horo ta zo a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. Manomin ƙauye ba shi da asusun banki, ba ya karɓar tiransifa, kuma yana bukatar tsabar kuɗi don magani da cefane. Duk mai tsaba a hannu ya zama sarki. Ni ina da ita. Wani mutum ya kawo buhun masara biyu, matarsa tana naƙuda, na taya shi da abin da bai wuce rabin kuɗinsu ba, ya sallama don ba shi da zaɓi. Kwanona na gaskiya ne, awona daidai ne, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na dawo gida ina gaya wa kaina ciniki ne, ya yarda na yarda. Da dare barci ya ƙi zuwa. Na gane abin da na yi wa gwauruwar nan shi na maimaita, wato na auna matsuwar mutum na ci riba a kanta. Gari na wayewa na hau motar kasuwa na nemi ƙauyensu, na cika masa kuɗinsa. Na gode wa Allah da bai bar ni na yi wata uku ba a wannan karon, amma na tsorata da yadda abin ya zo mini da sauƙi bayan shekara bakwai.

Akwai kuma wanda har yanzu nake fama da shi, wato ajiya. Sana'armu ta gaji saye da kaka a sayar da bazara, kuma ba na ganin wannan zunubi ne, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar ya ceci mutane da shi. Amma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da abinci ya yi ta hawa har cikin 2024, na ga kaina ina zaune a kan buhuna ina jin daɗin labarin tsada, mata suna zuwa neman rabin tiya. Karin Magana 11:26 ta ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Iyakar da na sa wa kaina ita ce in na fitar da kuɗina da ɗawainiyata da ribar da zan iya faɗa a gaban mai saye ba tare da na sunkuyar da kai ba, sai in buɗe sito. Wani mako ina cikawa. Wani mako sai na kai Laraba ina jayayya da kaina.

Yanzu ga yadda nake zaune. Kafin in fita nakan karanta sura ɗaya, ba na tsallake wadda ta yi mini zafi. Nakan roƙi Ubangiji ya tsare mini hannu da baki na wannan yinin kaɗai, don na daina yin alkawarin shekara. Mai kaya shi yake auna kayansa a rumfata. Wake kuma a buhun nan mai leda biyu a ciki nake ajiye shi, ba na zuba masa magani. Akwai wani ɗan'uwa, malamin firamare mai ritaya, da muke zama duk Asabar da yamma. Yakan tambaye ni kai tsaye, “Wa ka cuta a makon nan?” ni ma in tambaye shi nasa. Sau da yawa ina da amsa. Ikilisiya ta sake zaɓena dattijo bayan wasu shekaru, na karɓa da rawar jiki.

Alhaji maƙwabcina ya rasu shekara biyu da suka wuce. Na je gaisuwa na zauna da 'ya'yansa kwana uku, na gaya musu abin da mahaifinsu ya yi mini da magana ɗaya.

Kwanukan nan biyu fasto ya mayar mini da su bayan horo. Na sa ƙusa na huda gindinsu, suna rataye a cikin sito. Ɗana na uku ya gama sakandare bana, ya fara bina kasuwa. Ranar Alhamis da ta wuce wata tsohuwa ta kawo dawa, idonta ba ya gani sosai, ta ce mu auna mata kawai. Na miƙa wa yaron kwano. Ina kallo ya kewaye bakin da hannunsa na hagu, yadda ya ga yaran rumfar gaba suna yi. Na ji abin nan ya motsa a cikina yana cewa ƙyale shi, ai ɗan kaɗan ne, kuma ba kai ka auna ba. Na ɗan yi jim. Sa'an nan na kama hannun nasa na janye, na ce ya juye a tabarma mu sake daga farko. Na ce wa tsohuwar, “Iya, matso kusa ki riƙa ƙirgawa da mu.”